Tafiyata Ankara Neman a Yaye Shu'aibu

Tun da ƙafa ta daina kai ni nesa na koma zaman bakin shago a unguwar Liman Abaji, nan Keffi, da wuya mako ya wuce wani bai ce, "Tela, ba mu labarin Ankara" ba. Nakan ba su na hanya su yi ta dariya, in an zo kan na asibiti sai in ce la'asar ta yi, in ɗauki buta. Yau zan rubuta shi duka, masu tambaya su huta, ni ma in huta da alwalar da lokacinta bai yi ba.

Ankarar ƙasar Gana nake nufi. Shekarar da naira ta shigo ne, kuɗin mai ya fara zubowa, kowa a Keffi yana ganin in ba ka yi arziki bana ba to sakarcinka ne. Ni aji huɗu na yi a elementare aka cire ni aka kai ni koyon ɗinki. Ƙanena Shu'aibu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya yi ta wucewa har gwamnati ta tura shi Gana karatun likita. Da ya gama ya aiko da hoto, farar riga, ga abin sauraron ƙirji a wuya. Ran nan Baba ya sa aka shafe ɗakin da ke jikin zaure da farar ƙasa, aka kawo benci biyu, wai nan marasa lafiya za su riƙa zama.

Sai Shu'aibu ya aiko cewa ba yanzu zai dawo ba. Ya shiga wani sabon koyo a hannun wani babban likita, na cututtukan cikin jiki, su zuciya da hanta da ƙoda, kuma abin na shekaru ne.

Majalisarmu ta zauna a kan maganar. Wani ya ce, "Likitan da ya gama kuma yake koyo? Ku dai ku ce faɗuwa ya yi." Wani ya tambaya ko fiɗa yake koyo, na ce a'a, su ba sa yanka. Ya ce, "To me suke yi? Kallo?" Can sai wani dattijo, tsohon direba, ya ce, "Ku ne ba ku san duniya ba. Ubangida ya ga yaro da hannu, ya riƙe abinsa. Kun je kun nemi a yaye shi?"

Wannan kam na gane ta sarai. Ni ma ubangidana na ɗinki sai da ya riƙe ni na iya komai ina yi masa aiki, har Baba ya kai goro da zabi da riga, sannan ya sa mini albarka ya miƙo mini almakashi. Da na kai wa Baba maganar ya ce, "Ka je ka karɓo shi. Ka ce ƙafata ta kumbura, ina son in gan shi kafin in mutu." Ƙafar Baba kuwa kowace damina tana ɗan kumbura, kowace damina kuma yakan mutu da baki, sannan ran kasuwa ya hau kekensa ya tafi Garaku.

Na ɗinka babbar riga mai aska takwas, na sayi goro mai kyau, na sa zabi a kwando, na shiga mota mai bodin katako. Kusa da ni wata Hajiya Talatu ce, 'yar Garaku, mai fataucin atamfa, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ba mu yi nisa ba ta taɓa ƙunshina.

"Malam, mene ne wannan?"

"Goro ne, Hajiya. Gaisuwa zan kai Gana."

Ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙarfen mota. "Jama'a ku zo ku ga wanda zai kai wa kogi ruwa! Daga ina kake tsammani goron ya zo? Gida kawai za ka mayar da shi."

Daga nan duk motar ta sa mini suna Mai Goro. A bakin kogi wajen Lakwaja muka yini muna jiran jirgin fito, domin a lokacin babu gada. Zabina suka cika wurin da kuka, wani ɗan sanda ya zo ya ce suna hana shi jin kiran jirgi. A Ikko kuwa na tsaya ina gaida mutane a tasha kamar yadda aka koya mana, babu wanda ya amsa, sai wani da ya ɗauka bara nake ya ce in yi haƙuri.

Iyaka ta farko ta Dahomai ce. Nan na fara ganin jandarma, gajeren wando da doguwar fuska, ba sa jin Hausa ba sa jin Turanci sai Faransanci. Aka ce in kawo katin allurar rigakafi. Ni da zan je ɗauko likita guda, ban taɓa jin labarin katin ba. Suka kai ni wata rumfa, wani mutum da ko hannu bai wanke ba ya soka mini allura a dantse. Na fito ina murza wurin, na tarar babban jandarma yana leƙa kwandona. Hajiya ta ce mini a hankali, "Ya ce zabuwar nan ba ta da takarda."

"Zabuwa kuma da takarda?"

"Kai dai ba shi ɗaya, in ba so kake ita ma a yi mata allura a tsare ku tare ba."

Haka aka yi a shiga Togo, haka a fita. Togo kuwa ƙasa ce da in ka yi gyangyaɗi a mota sai a tashe ka a ce an wuce, amma ma'aikatan iyakarta cin zabinsu na babbar ƙasa ne. Muna shiga Gana direba ya karkata ya koma ɗaya hannun titi. Na yi salati da ƙarfi, na ɗauka barci ya yi. Ashe su ba su sauya hannun tuƙi ba tukuna, mu ne muka riga su. Na isa Ankara da dantse a kumbure da zabuwa guda, ita ma ta daina kuka, ta zuba wa duniya ido.

Hajiya ta damƙa ni a hannun wani mai masauki a Zango, unguwar Hausawan Ankara, Malam Bawa. Ya ce shi Bakano ne, amma kakansa ne ya ga Kano. Hausarsa kamar an wanke ta ta koɗe, yana kiran mace da "ya zo" ko a jikinsa. Mutumin kirki ne. Ya kawo mini abincinsu, dokunu, wato ƙullun masara mai tsami da aka naɗe a ɓawon masara aka dafa, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji. Na ce ina miya? Ya ce ai yajin ne miya. Na ci, hawaye na zuba, yana ta cewa in ƙara. A garin nan mata ne ke riƙe da kasuwa, maza na ɗaukar musu kaya. In an yi mutuwa kuma sai a ajiye gawa a yi ta shiri, ran Asabar a fito da ganguna a yi rawa. Na ce wa Malam Bawa mu a Keffi mutum na cikawa da safe, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Ya ce, "Ku kam gaggawa gare ku." Ban san maganar za ta same ni ba.

Da na je babban asibitin koyarwa, da ƙyar na gane Shu'aibu. Ya rame, idanu sun yi ja, aljihun farar rigarsa cike da takardu har ɗinkin ya fara buɗewa. Ɗakinsa bai kai shagona ba, littattafai sun cinye rabin gadon.

"Yaya! Lafiya? Ina Baba?"

"Lafiya lau. Zumunci ne."

"Zumunci daga Keffi har nan?"

Bai jira amsa ba aka kira shi, ya fita da gudu. Na ce a raina, lallai tsohon direba ya yi gaskiya, wannan ai bauta ce.

Washegari da safe na shirya, na ɗauki riga da goro da kwando, na bi shi a baya ba tare da ya sani ba har ɗakin kwanciyar maza. Na laɓe bakin ƙofa na ga abin da suke kira zagaye. Babban likitan, wanda suke ce wa Farfesa, ɗan gajere ne mai sanƙo, da ɗan maɗaurin wuya kamar malam-buɗe-littafi ya sauka masa a maƙogwaro. Shi ne gaba, manyan masu koyo na bin sa, ƙanana na bin su, 'yan makaranta can baya suna miƙa wuya. Ko fadar sarki ba ta kai su kiyaye wa zai riga wa ba. A kowane gado sai a tsaya, ɗaya ya karanto tarihin mara lafiya, Farfesa ya watso masa tambayoyi kamar mai jifan tsuntsu. Ban ga an yi wa kowa allura ba. Sai dai a leƙa ido, a duba harshe, a ɗora hannu a ciki a ƙwanƙwasa, yadda matanmu ke zaɓen kabewa a kasuwa.

Da aka zo kan Shu'aibu ya yi bayaninsa tiryan-tiryan, amma aka yi masa wata tambaya ya tsaya. Farfesa ya cire tabarau ya wanke shi tas a gaban jama'a. Turancina bai da yawa, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Yaron da hotonsa ke rataye a zaurenmu, ga shi tsaye hannu a baya yana cewa to. Jinina ya hau. Na yi sallama da ƙarfi na shiga.

Wata babbar nas ta taso za ta kore ni, zabuwa ta ga farar riga ta tuna jandarma, ta fasa kuka. Duk ɗakin ya juyo. Na durƙusa gaban Farfesa yadda Baba ya yi gaban ubangidana, na shimfiɗa riga, na buɗe goro, na tura kwando.

"Shu'aibu, gaya masa. Ni wanka ne, ubanmu ya aiko ni. Mun gode da riƙo, Allah ya saka. Yaro ya yi bauta ya isa. A yi haƙuri a yaye shi, ya zo gida."

Fuskar Shu'aibu ta yi kamar an watsa mata toka. "Yaya, don Allah ka tashi."

"Gaya masa nake cewa."

Ya juya ya yi 'yan kalmomi da Turanci, Farfesa ya yi murmushi ya miƙo mini hannu. Daga baya na ji abin da ya ce, wai wansa ne ya zo gaisuwa daga Nijeriya da 'yar tsaraba. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma a gadon da muke tsaye akwai wani tsoho ɗan Zango, cikinsa ya kumbura kamar tulu, kunnensa kuwa garau.

"Haba Likita, ka ji tsoron Allah," in ji shi. "Ba haka wanka ya ce ba."

Ya ɗaga kai da ƙyar ya zayyana wa Farfesa komai da yaren garin, har da ƙarin da ban yi ba. 'Yan makaranta suka toshe baki. Farfesa ya yi dariya har ya share ido, sannan ya daina. Ya ce tsohon ya ci gaba da tafinta tunda shi ya fi gaskiya.

Ga abin da ya ce. Shi bai ɗaure kowa ba. Shu'aibu likita ne cikakke tun tuni, abin da yake nema yanzu shi ne ya zama wanda likitoci ke kawo wa abin da ya gagare su. Saura 'yan watanni ya zauna babbar jarrabawa. Yana yi masa faɗa ne don cikin yaransa shi ne wanda faɗa ke amfana. In ya tafi yanzu, akwai mutane da yawa da ke jiran gurbinsa, kuma gurbi ba ya jira.

Na ga magana za ta kuɓuce mini. Na tuna majalisa, na tuna benci biyu, na tuna in koma hannu rabbana a ce Tela ya je ya kai zabi ya dawo. Sai na ce, "Ubansa ba shi da lafiya. Ƙafa ta kumbura. Ya ce yana son ganin sa kafin ya mutu."

Shu'aibu ya juyo. "Jiya ka ce lafiya lau."

"Ban so in tayar maka da hankali ba."

Farfesa ya mayar da tabarau, ya matso, yaransa suka zagaye ni kamar ni ne a gadon. Ya fara tambaya, tsoho na fassarawa.

"Ƙafa ɗaya ko biyu?"

Ɗaya ce. Amma na lura da na yi jinkiri wani mai koyo ya ɗaga biro yana jira. Na ce biyu. Ya rubuta, ya gyaɗa kai.

"In an danna da yatsa, wurin yana lotsawa?"

"Ƙwarai."

"In ya yi tafiya yana haki?"

Mutumin da ke taka keke har Garaku. Na ce, "Ko zaure ba ya kaiwa."

"Yana iya kwanciya miƙe, ko sai an tokare shi?"

Tela ya san fuskar mai kaya. In ka ce "zai yi maka kyau" ka ga ido ya buɗe, ka san ka faɗi daidai. Haka na riƙa karanta fuskokinsu. Duk amsar da na ga ta sa sun yi tsit sun duƙufa rubutu, ita nake bi. Na ce sai an tokare shi. Na ce yana tari. Aka ce da kumfa? Na ce da kumfa. Farfesa ya juya ya tambayi yaransa mene ne wannan, suka amsa baki ɗaya kamar masu karatun allo. Tsoho ya dube ni da tausayi ya ce, "Sun ce zuciya ce ta gaza. Sannu, Malam."

Farfesa ya dafa kafaɗar Shu'aibu, mutumin da ɗazu ya wanke shi. Ya ce ya tafi yau ɗin nan, ya ba shi mako biyu, ya gaya masa magungunan da zai riƙa. Ya ce zai riƙe masa gurbi mako biyun nan ko da wa zai yi faɗa, amma bayan haka ba ya hannunsa. Ya karɓi rigar, ya ce a raba wa marasa lafiya goron in an yarda su ci, zabuwa kuma a fitar masa da ita daga ɗaki.

Komowa ba ta da daɗin labari. Shu'aibu ya rungume jakar magani, bai ci abin kirki ba, a kowace iyaka yana roƙon a yi sauri mahaifinsa na kwance. A bakin kogi ya kusa dambe da masu jirgin fito. Sau da yawa na buɗe baki in gaya masa, sai in ce bari mu ƙara gaba.

Muka isa Keffi da la'asar. Ya diro daga mota ya bar ni da kaya, ya yi gida da sassarfa. Na iso na same shi tsaye a tsakar gida, Inna na ce masa, "Ai ya tafi Garaku tun da asuba, wai doya ta yi araha." Ba mu daɗe ba muka ji ƙararrawar keke. Baba ya shigo da doya ɗaure a baya, ya sauko da kansa, ya ce, "A'a! Likita! Tela, ashe ka iya aike."

Shu'aibu ya buɗe jakarsa. Ya zaunar da Baba, ya saurari ƙirji gaba da baya, ya danna ƙafa, ya duba ido, ya sake sauraron ƙirji kamar mai neman abin da ya ɓace. Sannan ya ce, "Baba, zuciyarka ta fi tawa. Ka rage gishiri da kanwa, in ka zauna ka ɗora ƙafar a kan kujera."

"Shi ke nan? Allurar fa?"

"Ba ka bukatar allura."

Baba ya dube ni. "Shekarun nan duka, kujera aka koya masa?" Ya juya kan Shu'aibu. "To ai gara da ka dawo. Ga ɗaki can an gyara."

"Baba, mako biyu aka ba ni. Saura kaɗan in gama."

"Ka gama tun da ka aiko hoto. Na gaya wa duk garin nan ɗana ya dawo. In ka sa ƙafa ka koma, ban yafe ba."

Wanda ya san gidajenmu ya san an rufe magana. Shu'aibu ya aika kawunmu, ya aika liman, Baba ya ce shi ba a yi masa ciniki a kan ɗansa. Ni da ya kamata in yi magana, na shige shago na ce aikin salla ya yi mini yawa. Mutanen majalisa da suka ce a je a karɓo shi suka yi layi a benci kwana biyu, suka ga yana yawan tambaya yana rowar allura, suka koma wurin mai kemis na bakin kasuwa wanda ke soka wa mutum tun kafin ya gama sallama. Baba ma can ya je aka yi masa tasa. Ya ƙara shekaru masu yawa a duniya yana yabon mai kemis. Shu'aibu kuwa aikin gwamnati ya kama a ƙananan asibitoci, daga wannan gari zuwa wancan, har ya yi ritaya. Duk cutar da ta gagare shi yakan rubuta takarda ya tura wa waɗanda suka zauna jarrabawar.

Ranar da mako biyun ya cika, Shu'aibu ya zo shagona da yamma ya zauna a kan benci, yana kallon ina taka keken ɗinki.

"Yaya, tambayoyin da Farfesa ya yi maka, wa ya koya maka amsoshin?"

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Babu kowa."

"Ko ɗaya ba ka kuskure ba. Ƙafa biyu, haki, tokari, kumfa. Da a jarrabawa ne da an ba ka lambar yabo." Ya tashi ya kaɗe rigarsa. "To, gidanmu dai an samu wanda ya ci."

Ya fita. Na duba ɗinkin da ke hannuna, na ga na haɗe bakin aljihu da jikin riga tun daga sama har ƙasa.